Kamfani Ɗaya, Zane da Gini: Jagorar Ba da Kwangilar Asibitin Gwamnati a Tambuwal da Kebbe

Daga Tambuwal zuwa birnin Sakkwato tafiyar kusan kilomita 100 ce a kan babban titin da ya taso daga Jega. Wanda ya fito daga Kebbe ko Kuchi sai ya fara cin wata hanyar kafin ma ya hau wannan titin. Matar da naƙuda ta yi wa gardama a Girkau da tsakar dare ba ta da sa'o'in da za a ɓata wajen kai ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ko dai a samu ɗakin tiyata mai wuta da ruwa a kusa, ko a kama hanya ana salati.

Gine-ginen lafiya kuwa ba su yanke ba a 'yan shekarun nan. Gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal, wadda ta yi mulki daga 2015 zuwa 2023, ta ɗauko aikin manyan asibitoci uku a Tambuwal da Binji da Sabon Birni, ɗaya a kowace shiyyar sanata, ban da asibitin koyarwa na jami'ar jiha a Kasarawa. Ga ayyukan mazaɓu da ke zuwa daga Abuja, ga na ƙananan hukumomi, ga na ƙungiyoyin agaji. Duk inda irin wannan aiki ya taso, tambaya ɗaya ce ke fara isa teburin jami'ai: a raba zane da gini, ko a haɗa wa kamfani ɗaya?

A tsohuwar hanya, gwamnati ce ke ɗaukar mai zanen gini da injiniyoyi su zana komai, a ƙirga bulo da rodi, sannan a nemi ɗan kwangilar da zai gina abin da aka zana. Idan bango ya tsage, mai zane ya ce magini ne, magini ya ce zanen ne, a yi ta jifan juna da takardu. Kwangilar zane-da-gini ta kashe wannan gardama: kamfani ɗaya ne zai zana, shi zai gina, shi za a kama. Tana kuma rage lokaci, domin ana iya fara haƙa harsashi tun ba a gama zanen wayarin ba.

Matsalar ita ce wanda zai zana shi ne kuma wanda ribarsa ke ƙaruwa da duk abin da ya rage. Mai wannan rubutu, wanda duba gine-gine ce sana'arsa, yana ganin sababbin jami'an sashen ayyuka da ƙananan 'yan kwangila suna faɗawa rami ɗaya. Sun ɗauka wannan tsari hutu ne ga gwamnati, a rubuta shafi biyu a ce ana son asibiti mai gado kaza, a koma ofis a jira ranar yanka ƙyalle. Tamkar mutum ne ya miƙa wa tela kuɗi ya ce a saya yadi a ɗinka masa riga, bai ba da awo ba. Rigar za ta zo, amma ba shi da bakin ƙorafi in hannu bai shiga ba.

Abin da za a tanada

Tabbacin kuɗi a kasafi, tare da sanin daga wace aljihu suke fitowa. Dokar sayen kaya da ba da kwangila ta tarayya ta 2007 tana aiki a kan ayyukan tarayya da duk aikin da aƙalla kashi 35 cikin 100 na kuɗinsa daga asusun tarayya ne. Aikin da jiha ke biya da kanta yana ƙarƙashin dokar jiha. A san wacce ce ke hawa kan aikin tun farko.

Takardar mallakar fili da shaidar an biya diyyar gonaki, da sa hannun uban ƙasa da masu gonakin.

Rahoton awon fili, da na gwajin ƙasa, da na binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Mai ba gwamnati shawara wanda ba ya cin albashin ɗan kwangila: mai zanen gini mai rajista da ARCON, injiniyan gini da na lantarki da na injuna masu rajista da COREN, da mai ƙididdigar kayan gini mai rajista da QSRBN.

Kwamitin masu amfani da ginin: likita, shugabar nas-nas, ungozoma, mai ɗakin gwaje-gwaje, mai ɗaukar hoton ƙashi, da mai kula da janareto da famfo. Wannan na ƙarshe shi aka fi mantawa, alhali shi za a bari da ginin bayan kowa ya watse.

Mataki na 1: A san ƙasar kafin a kira kowa

Masu farawa kan ce tunda kamfani ne zai zana, shi ma ya gwada ƙasa bayan ya ci kwangila. Wannan kuskure ne mai tsada. Kamfanin da bai san abin da ke ƙarƙashin fili ba, ko dai ya cusa kuɗin tsoro a farashinsa, ko ya yi araha ya dawo daga baya yana neman ƙari. Gwamnati ta yi gwajin da kuɗinta, ta raba wa duk masu nema rahoto iri ɗaya.

Ƙasar yankin ba ɗaya ba ce. Akwai tudun marmara mai ƙarfi, akwai jigawa, akwai kuma laka ta fadama a wajen Gulbin Zamfara, wadda ke kumbura da damina ta tsattsage da rani. Harsashin da ya zauna lafiya a kan marmara, in aka kwafe shi aka ɗora a kan laka, damina biyu ta isa a ga tsaga ta taso daga ƙarƙashin taga. A haƙa ramukan gwaji a daidai inda manyan sassan za su zauna da inda za a kafa tankin ruwa na sama, ba a bakin ƙofa inda mota ta fi sauƙin tsayawa ba.

Sai maganar ambaliya. Wanda ya je duba fili a watan Maris ba zai ga komai ba sai busasshiyar ƙasa. A tambayi dattawan unguwa inda ruwa ya kai a 2020, shekarar da ambaliya ta cinye shinkafa a fadamun Kebbi da Sakkwato, a sa alama, a rubuta tsayin daɓen asibiti sama da wurin. A kuma haƙa burtsatse ta gwaji, a auna yawan ruwan da take bayarwa, a kai shi ɗakin gwaji. Asibitin da aka gama sannan aka fara neman ruwa, tanka zai yi ta saya har abada.

Mataki na 2: Takardar buƙatun gwamnati

A nan aikin yake. Duk ikon da gwamnati za ta samu a kan ɗan kwangila yana cikin wannan takarda, kuma abin da ba a rubuta ba, mafi araha za a kawo.

Darasi mafi girma ya fito ne daga ƙasar da ba ta rasa ƙwararru ba. A watan Yulin 2019, saura 'yan kwanaki a buɗe sabon asibitin yara na birnin Edinbara a Sikotland, aka dakatar da komai. An gano cewa na'urorin ɗakunan kulawa ta musamman suna sauya iska sau 4 a awa, alhali ƙa'ida ta ce sau 10. Da aka bi sawu, sai aka tarar kuskuren yana cikin wani jadawali na 2012 da ke cikin takardun neman kwangila, inda aka kwafi adadin ɗakin jinya na gama-gari aka sa wa ɗakin masu tsananin ciwo. Kamfani ya gina abin da ya gani a rubuce. Asibitin bai buɗe gaba ɗaya ba sai watan Maris na 2021. Lamba ɗaya ta ci wata 20.

Takardar buƙatu tana farawa da aikin da asibitin zai yi, kafin a zo kan yawan gadaje. Haihuwa nawa ake sa ran karɓa a wata? Za a riƙa tiyata dare da rana? Asibitin da ke bakin titin Sakkwato zuwa Jega dole sashen gaggawarsa ya iya karɓar mutum goma a lokaci ɗaya idan mota ta kife. Yankin kuma yana cikin zirin sanƙarau, kowa ya tuna annobar 2017 a Zamfara da Sakkwato, ga amai da gudawa da kan biyo damina. Don haka ana buƙatar ɗakin keɓewa mai ƙofarsa da banɗakinsa da magudanarsa daban, da fili mai daɓe da famfo inda za a kafa tantuna in abu ya yi yawa.

Daga nan sai a bi ɗaki-ɗaki. Kowane ɗaki da shafinsa: faɗinsa, mutum nawa zai ɗauka, soket nawa, famfon wanke hannu a ina, wace irin ƙasa, wace na'ura za ta shiga, nawa ne nauyinta da wutar da take ja. A rubuta wane ɗaki ne zai maƙwabci wane. Ɗakin haihuwa da na tiyata su kasance ƙofa da ƙofa, kada a riƙa tura mace mai zubar jini a tsakar rana ta ratsa fili. Hanyar gawa da ta shara kada su haɗu da ta abinci da ta tsabtatattun kayan aiki. Baranda da gado zai bi ta kai mita 2.4, don gado biyu su yi kiciɓis su wuce. Gangaren keken marasa lafiya kada ya wuce tashin mita 1 a cikin tsawon mita 12, kuma dokar kare masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta wajabta wa gine-ginen jama'a irin wannan hanya.

Ruwa a rubuta shi da lita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da lita 40 zuwa 60 a rana ga kowane majinyacin da aka kwantar, lita 100 ga kowace haihuwa ko tiyata, lita 5 ga wanda ya zo ganin likita ya koma. Gado 100 ke nan lita 4,000 zuwa 6,000 a rana. Amma a ƙasar Hausa majinyaci ba ya kwanciya shi kaɗai. Akwai mai jinya, akwai mai kawo abinci, akwai 'yan dubiya, kuma kowa zai yi alwala sau biyar. Kamfanin da ya kwaso zanensa daga wata ƙasa ba zai san da su ba. A rubuta rumfar masu jinya ta mata daban ta maza daban, da wurin girki, wurin wanki da shanya, masallaci, da banɗakuna na tsuguno masu famfo. In ba a yi ba, baranda ce za ta zama ɗakin kwana, bayan ɗakin jinya kuma ya zama makewayi. Sokawe ta yi nisan aƙalla mita 30 da burtsatse.

Wuta kuma a raba ta gida biyu. Layin kamfanin rarraba lantarki na Kaduna, wanda ke ba Sakkwato, ba abin jingina rai ba ne. Tiyata, ɗakin haihuwa, ɗakin jarirai, firjin jini da na allurar rigakafi da injin burtsatse su hau layi na musamman mai sola da batir da janareto, a faɗi awa nawa batir zai riƙe su. Jini yana son sanyin digiri 2 zuwa 6, yawancin alluran rigakafi 2 zuwa 8. Dare ɗaya babu wuta a watan Afrilu ya isa a zubar da su.

Zafin bazara a nan yana haura digiri 40, hunturu kuma ya zo da ƙura. Ɗakunan jinya su miƙe daga gabas zuwa yamma, dogayen bangayensu na kallon kudu da arewa, da baranda mai inuwa, silin mai tsayi, da tagogi masu fuskantar juna, domin ɗakin ya zaunu ko babu fanka. Gilashi daga sama har ƙasa yana da kyau a hoton da kamfani zai nuna wa kwamishina, amma a Tambuwal tanda ce. Haka salon nan na ɓoye kwano a bayan katanga da magudana a ciki: ƙurar rani ta toshe ta, ruwan farko ya sauka a kan silin. Iskar farkon damina da ke tasowa daga gabas tana ɗaye rufi, don haka a rubuta yadda za a ɗaure katako ko ƙarfen rufi da linta.

Ɗakuna biyu ba a yi musu kintace. Tiyata tana buƙatar tacacciyar iska mai sauyawa, aƙalla sau 20 a awa bisa ƙa'idar da ake bi a Amurka, kuma iskar ta riƙa turowa waje in an buɗe ƙofa. Na'urar sanyaya ɗaki irin ta falo ba ta yin wannan aiki. Ɗakin hoton ƙashi kuwa yana buƙatar bango mai cike da kankare ko mai dalma, da ƙofa mai dalma, da lasisin hukumar NNRA mai kula da tururin nukiliya. Bulo mai rami ba ya tare tururin yadda ya kamata, kuma wanda ke zaune a ofishin da ke bayan bangon shi zai riƙa sha kullum bai sani ba.

A ƙara da katanga, fitilun harabar, da gidajen ma'aikata a ciki. A garuruwan da ke kusa da dazuzzukan iyakar Zamfara, likitan da ba shi da amintaccen wurin kwana zai koma birni kafin magariba.

Mataki na 3: Zaɓen kamfani

A fara da tantancewa. Kamfanin da ya gina ajujuwa hamsin bai zama ya iya asibiti ba. A nemi sunan asibitin da ya taɓa ginawa, a tashi mota a je a gani, a tambayi nas ɗin da ke aiki a ciki. A nemi sunayen masu zanensa da lambar rajistarsu, a kira su a ji ko sun san an sa su, domin aron takardun injiniya ranar neman kwangila tsohuwar dabara ce. Mafi muhimmanci a cikinsu shi ne injiniyan lantarki da injuna, tunda rabin wahalar asibiti tana cikin bututu da waya.

Waɗanda suka tsallake su kawo ambulan biyu, ɗaya na zane da tsarin aiki, ɗaya na farashi. A buɗe na zane tukuna, a ba da maki bisa ma'aunin da aka riga aka sanar. Wanda bai kai ba a mayar masa da na farashinsa a rufe. Dalili shi ne a wannan tsari kowa abinsa daban yake sayarwa. Wanda ya fi araha sau da yawa ya matse ɗakuna ne, ko ya cire janareto na biyu, ko ya sa ƙaramar waya. Dokar 2007 ma ba ta ce a ba mafi araha kawai ba, ta ce mafi araha a cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa, kuma ta yarda da neman kwangila hawa biyu a aikin da ba a iya fayyace komai tun farko.

A duba lafiyar aljihun kamfani. Girman suna ba kariya ba ne. Carillion na cikin manyan kamfanonin gini na Birtaniya lokacin da ya durƙushe a Janairun 2018, ya bar sabon babban asibitin birnin Libapul a tsaye. Waɗanda suka gaji aikin sun sha fama da tsagaggun ginshiƙan kankare, asibitin da aka yi niyyar buɗewa a 2017 bai karɓi majinyata ba sai Oktoban 2022. Haɗa komai a hannu ɗaya yana nufin in hannun ya karye, komai ya tsaya. Shi ya sa za a rubuta cewa zanen mallakar gwamnati ne, kuma a riƙa karɓar kwafinsa a kowane mataki.

Mataki na 4: Yarjejeniya da kuɗi

Ba sai an ƙirƙiro yarjejeniya daga sama ba. Ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya, FIDIC, tana da littafi mai ruwan ɗorawa da aka yi domin irin wannan aiki, wanda ya fito a 1999 aka sabunta shi a 2017. Ya ɗora wa ɗan kwangila alhakin ginin ya dace da aikin da aka ce zai yi. Tana da wani mai ruwan azurfa da ke jibga wa kamfani kusan dukkan haɗari, har da abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Jami'ai kan so wannan na biyu, amma kuɗin haɗarin yana dawowa cikin farashi, kuma yana rage wa gwamnati damar sa baki.

Kuɗin kafin alƙalami a dokar 2007 bai wuce kashi 15 cikin 100 ba, Dokar Kuɗi ta 2020 ta ɗaga shi zuwa 30 ga kamfanonin cikin gida. Kada a saki ko sisi sai da takardar lamuni ta banki, kuma a rubuta wa bankin a tabbatar shi ya ba da ita. Lamunin kammala aiki ba ya gaza kashi 10. Sauran biya a ɗaure shi da abin da ido zai gani: an amince da zane, an gama harsashi, an rufa, an gwada wuta da ruwa. A ajiye kaso mai nauyi a matakin ƙarshe. Kamfanin da ya karɓi kashi 90 ranar da ya buga kwano ba zai dawo haɗa bututun oksijin ba.

Sai maganar tashin farashi. An cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, aka saki naira a watan Yuni, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. A lokacin, buhun siminti ya kai naira 10,000 a wurare da dama, duk da masana'antar Kalambaina tana nan a Sakkwato. Tsakuwar dutse kuma daga nesa ake jigilarta, kuɗin dizal na cikin kowace tifa. Yarjejeniyar wata 24 da ta ce farashi ba ya motsi ko ta halin ƙaƙa, ƙarshenta kango ne. A sa ƙa'idar lissafin sauyin farashin siminti da rodi da dizal da kayan waje, a kuma sayi manyan na'urori da wuri. Ita ma gwamnati ta sani, dokar 2007 ta ce biyan da ya wuce kwana 60 bayan an tabbatar da aiki yana jawo kuɗin jinkiri.

Mataki na 5: Duba zane

Kamfani zai riƙa kawo zane kashi-kashi. A littafin FIDIC kwana 21 ake ba mai dubawa. In takarda ta kwana a ofis har lokacin ya wuce, kamfani ya samu hujjar ci gaba ko ta neman ƙarin lokaci. A ware mutum ɗaya mai rajistar shiga da fitar zane.

Ungozoma ba ta saba karanta zane ba, amma ta san aikinta. A je fili da igiya da farar ƙasa a shata ɗakin haihuwa da girmansa na gaskiya, a kawo gado da keken tura majinyaci, a ce ta nuna yadda za ta karɓi haihuwa, inda za ta ajiye jariri, inda za ta juya gado zuwa tiyata. A cikin rabin awa za ta nuna ƙofar da ta yi ƙunci da famfon da aka sa a bayan ƙofa. Gyaran layin farar ƙasa kyauta ne.

Bayan an amince, a rufe ƙofar canje-canje. Kowane babba da ya kawo ziyara ya ce a ƙara ofis, kamfani zai rubuta farashin da ya ga dama, tunda babu abokin takara a lokacin. Duk canji ya zama a rubuce, da kuɗinsa da kwanakinsa, kafin a taɓa bulo.

Mataki na 6: Ido a wurin aiki

Injiniyan kamfani ba zai kai ƙarar mai biyansa ba. Dole gwamnati ta ajiye nata mai duba aiki a wurin kullum, mai kwana a garin, ba mai zuwa daga Sakkwato ranar biya ba.

Kafin a zuba kankare, ya ƙirga rodi ya auna kaurinsa, domin abin da ake sayarwa da sunan milimita 12 ba kullum yake cika ba. Ya duba an sa biskit a ƙarƙashin rodi don kankare ya lulluɓe shi. Ya damƙi yashi a hannu, in ya bar laka a tafi a mayar da tifar. A kowane zubi a cika 'yan akwatunan gwaji masu faɗin milimita 150, a fasa wasu a kwana 7, wasu a kwana 28, a ɗakin gwajin da gwamnati ta zaɓa. Da bazara a yi zubi da sassafe ko da yamma, a rufe da jiƙaƙƙun buhuna, a yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana 7. Lebura kan ƙara ruwa a kwaɓi don ya yi saurin bi, wannan ruwan ne ke kashe ƙarfin kankare. Bulo kuma a ɗaga shi a sake, wanda ya watse ya faɗi adadin da aka buga a buhun siminti ɗaya.

Abin da za a binne ko a rufe da silin, kada a rufe sai an gwada an ɗauki hoto an sa hannu: bututun ruwa a matsa masa a bar shi a ga ko zai zuba, magudana a zuba ruwa a ga gangarenta, bututun oksijin a tabbatar na jan ƙarfe ne irin na asibiti kuma kowace kafa iskar da aka rubuta a kanta take fitarwa.

Mataki na 7: Gwaji da karɓa

Fenti da tuta ba su ne kammalawa ba. Kafin a sa hannu a kan takardar karɓa, a kunna asibitin gaba ɗaya. A kashe wutar layi da gangan a ƙirga daƙiƙa nawa fitilar tiyata ta yi kafin ta dawo. A buɗe famfunan sashe ɗaya a lokaci guda a ga ko na ƙarshe yana zuba. A auna iskar tiyata da na'ura, a auna bayan bangon ɗakin hoto, a kunna murhun ƙona shara a ga ya haura digiri 800, domin ƙasa da haka hayaƙi mai guba yake watsa wa maƙwabta. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi takardar shaidar cika ƙa'ida ga cibiyoyin lafiya, a nemi masu bayarwa su zo tun kamfani bai kwashe kayansa ba.

Kamfani ya miƙa zanen ginin yadda aka gina shi a zahiri, da littattafan na'urori, da takardun garanti da sunan asibiti, da kayan gyara na shekarar farko. Ya koya wa ma'aikatan asibitin aiki da hannunsu, ya rubuta lambar wanda za a kira a Sakkwato ko Kano in inji ya tsaya.

Akan riƙe kashi 5 cikin 100 na kuɗin aiki, a saki rabi ranar karɓa, rabi bayan wa'adin gyaran aibu. A sa wa'adin ya zama wata 12, don ginin ya ga bazara da damina da hunturu. Shugaban asibiti ya buɗe littafi a ofishin nas, duk wanda ya ga yoyo ko tsaga ko soket da ya mutu ya rubuta da kwanan wata, a riƙa aika wa kamfani a rubuce. Zagayen ƙarshe a yi shi da littafin a hannu, a hau rufi, a buɗe murfin kowace sokawe, sannan a sa hannu a kan ragowar kuɗin.